Baba Jethro, Mai Gadin Intanet

Shekara tara ke nan ina haya a gidan Baba Jethro a Makera, kuma ban taɓa wayar gari ina son mutumin nan ba. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye. Ni tela ce, sunana Eunice, a gidan kuwa Maman Hope ake ce mini. Ɗaki biyu nake riƙe da su a can baya kusa da rijiya, ni da 'yata Hope. Shi kuma yana ɗakunan gaba, inda duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gaban idonsa.

Tarihinsa ba ɓoyayye ba ne, don shi da kansa yake ba da shi ko ba a tambaye shi ba. Daga wani ƙauye a bayan Zonkwa ya hau jirgin ƙasa ya zo Kaduna yana ɗan shekara goma sha tara, ba shi da komai sai buhu ɗaya da adireshin kawunsa. Kawun ya sama masa aikin gadi a wata masaƙa a Kakuri, a zamanin da in an tashi daga aiki titi kan cika maƙil da kekuna. Shekara ashirin da shida ya yi a bakin get ɗin nan. Ma'aikata suka laƙaba masa suna Ina-Takarda, domin ko jiya kuka ci tuwo kwano ɗaya da shi, in ka zo yau ba katin shiga, a waje za ka tsaya. Matarsa Theresa, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa kawo masa abinci ana tsuga ruwan sama, ya hana ta fakewa a rumfar gadi. Ta miƙa masa kwanon ta tsakanin ƙarafa, ta juya gida a jiƙe sharkaf. Yana ba da wannan labarin yana dariya, wai don a ga riƙon amanarsa. Ni dai mugun hali na gani a ciki.

Da masaƙar ta rufe, sai ya dawo gida da zama. Ya riga ya gina ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya zuba 'yan haya. Bai iya komai a duniya ba sai tsare ƙofa, don haka ya sa kujera a baranda ya tsare mu. Matan zumuntar cocinmu in sun zo gwada ɗinki sai sun faɗi sunansu da wurin wanda suka zo. Ranar da ya tsayar da matar fastonmu a rana har sai da na fito da zare a baki na shigo da ita, ranar muka fara faɗa, kuma har yau ba mu gama ba.

Ɗansa Ernest yana aikin kwamfuta a wani ofis a Abuja. Bayan rasuwar uwarsa ya sa aka jawo wa gidan wayar intanet, don ya riƙa ganin fuskar tsohon in sun yi magana. Yaron kirki ne, bai ɗauko halin ubansa ba. Ya ce mu 'yan haya ma mu yi amfani da shi, ya rubuta lambar sirri a takarda ya manna a bango. To, a unguwarmu hana mutum lambar sirri abin kunya ne, kamar ka hana baƙo ruwan sha. Ni na ba kwastomomina, Cyril makanike da ke ɗakin tsakiya ya ba abokansa na gareji, su ma suka ba nasu. Kafin wata uku, 'yan acaba sun mai da jikin katangarmu tasha, kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Wata safiya muka ji tsohon yana ihu a falonsa. Kwamfutar da yake magana da Ernest a kanta ta nuna wani rubutu da Turanci, duk abin da ke cikinta an kulle. Hotunan Theresa ne a ciki, da bidiyon jana'izarta, da muryarta tana waƙa cikin mawaƙan coci. Ernest ya zo ya yi kwana biyu a kanta, bai ceto ko hoto ɗaya ba. Ya ce ko dai wani ne ya shigo daga waje, ko wata waya ce mai cuta ta hau layin ta shafa wa kwamfutar. Na ga tsohon nan zaune a baranda yana share hawaye da hularsa, kuma na tausaya masa. Tausayin ya kai kwana biyu.

A mako na gaba Ernest ya dawo da wani ɗan baƙin akwati mai fitilu, ya tara mu a tsakar gida.

"Wannan shi ake kira fayawol," in ji shi. "Duk abin da zai shigo daga intanet, da duk abin da zai fita daga wayoyinku, sai ya bi ta nan. Wanda aka sani ya wuce. Wanda ba a sani ba, a tsayar da shi a ƙofa."

Na kalli Baba Jethro, na ga idonsa yana ƙyalli, na san mun shiga uku. Mutumin da bai iya tura saƙon waya ba, cikin mako biyu ya koyi buɗe shafin akwatin nan a sabuwar laftof da ɗan ya kawo masa. Ya sa aka yi wa akwatin keji na ƙarfe, aka kafa shi sama a bangon baranda, ya sa kwaɗo ya rataya makullin a wuya. Kowace waya sai mai ita ya kawo ta da hannunsa, ya gaishe shi, ya tsaya yana kallo ana shigar da ita cikin jerin waɗanda aka yarda da su. Baƙo kuwa, ko daga ina yake, babu. Ya toshe shafukan caca, ya toshe inda ake sauke fina-finai a ɓagas. Cyril ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Da yamma za ka gan shi da tabarau a kan hanci yana ƙirga jajayen layuka a allo, yana sanar da tsakar gida cewa yau mutum kaza suka ƙwanƙwasa daga waje aka kore su.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Tun da aka kafa akwatin nan, wayar kowa a gidan ba ta ƙara yin wani abin mamaki ba, layin kuma ya daina ja kamar tsohon jaki. Amma da ya yi aikin nan da sakin fuska, da wa zai ƙi shi? Shi daɗin abin a wurinsa shi ne ya ce a'a.

Hope nas ce. Shekara huɗu da gama makarantarta tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Sabon Tasha, inda ita ce nas, ita ce mai ba da kati, wani lokacin har da shara. Ta nemi aiki a wani babban asibiti a Legas, ta ci jarrabawar rubutu sau biyu, ya rage ganawa ta ƙarshe ta bidiyo, ranar Talata ƙarfe goma na safe. Sun rubuto ƙarara cewa da kwamfuta mai kyamara za a yi, kuma wanda bai bayyana a kan lokaci ba, an wuce shi ke nan. Yarinyar nan ta yi wata biyu tana karatu a bakin rijiya kafin ta tafi aiki. Ban taɓa ganin tana son wani abu kamar yadda take son aikin nan ba.

Ba mu da kwamfuta. Ta aro laftof wurin wata ƙawarta, ta ajiye mini ranar Litinin da safe, ta ce in kai wa Baba ya shigar da ita. Dole sai ta layin gidan, don netwok ɗin waya a lungunmu sai ka hau kan murfin rijiya kafin ka ji muryar mutum sosai, balle bidiyo.

Na kai masa. Na ma gaishe shi. Ya karɓa ya jujjuya ta kamar mai sayen kaza, ya haɗa ta da layin a wani ɓangare da ya ce na gwaji ne. Ba a yi minti biyar ba allonsa ya cika da ja.

"Kin gani?" ya ce. "Ko taɓa ta ba a yi ba, tana ta aika saƙo waje, wuraren da ba wanda ya sani. Wannan cike take da cuta. Ba za ta hau layina ba."

"Baba, awa ɗaya ce kawai. Gobe ne intabiyu ɗin yarinyar nan."

"Ko minti ɗaya."

"Ai ba masaƙa ba ce nan! Masaƙar ma da ka tsare shekara ashirin da shida, ina take yau?"

Na san inda na soka, kuma da gangan na yi. Ya rufe laftof ɗin a hankali ya miƙo mini.

"Maman Hope, ɗauki kayanki. In ita mai intabiyun ta dawo, ta zo da kanta."

Da yamma Hope ta dawo daga aiki, ya tare ta a ƙofa tun kafin ta iso wurina. Ta shigo ɗaki da fara'arta.

"Mama, an gama magana. Baba ya ce in yi da tasa laftof ɗin, a falonsa. Ya kira Ernest, sun buɗe wa manhajar bidiyon hanya, mun gwada, hoto tar, murya tar. Har ya ce zai cire kalandar bango don bayana ya yi kyau."

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba, ko ban gane ba. Na ji sarai. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne 'yata za ta zauna a falon mutumin nan, a kan kujerarsa, ta sami aikin Legas ta hannunsa. Na hango shi a baranda shekara goma masu zuwa yana gaya wa kowane baƙo cewa shi ya kai Hope Legas, bayan uwarta ta zage shi.

Na fita ɗebo ruwa na tarar da Cyril yana wanke baƙin mai a hannunsa. Na zazzage masa duk abin da ya faru. Shi ma yana da nasa ciwon.

"Madam, wannan ai simol tin ne, ƙaramin abu," ya ce. "Duk akwatin nan suna da ƙaramin rami a gefe. Ki sa allura ki danna, ki ƙirga goma. Riset ke nan. Duk dokar da tsoho ya sa za ta goge, ya koma sabo fil. Lambar da ke rubuce a jikinsa za ki sa, kowa ya shiga. Haka muke yi wa na gareji in ya yi taurin kai."

Na gareji ɗan ƙaramin abu ne mai sim a ciki. Ban san da bambanci ba, shi ma bai sani ba, amma yadda ya faɗa sai ka rantse shi ya ƙera akwatin.

Ranar Talata ƙarfe shida da rabi Baba Jethro ya tafi addu'ar safe a coci, kamar kullum. Hope tana wanka. Na ɗauko kujerar ɗinkina na kai baranda, na hau, na zare fil ɗin ɗinki mai jan kai daga gaban rigata, na zura hannu tsakanin ƙarafan kejin. Ramin yana nan inda Cyril ya ce. Na danna na ƙirga goma, na ƙara biyar don a tabbata. Fitilun suka mutu gaba ɗaya, suka dawo suna ƙiftawa. Ina janye hannu, fil ɗin ya suɓuce ya faɗa cikin kejin, na kasa ciro shi. Na kwafi lambar da ke jikin akwatin a tafin hannuna na sauko. A raina na ce yau 'yata a ɗakin uwarta za ta yi intabiyu, a gaban labulen da na ɗinka.

Na buɗe laftof ɗin aro na sa lambar. Ta shiga. Na yi murmushi. Sai dai babu shafin da ya buɗe. Na duba wayata, ita ma shiru. Na ce ƙila sai akwatin ya huce. Na goge lambar da ruwan wanke-wanke, na hau keken ɗinki kamar ba abin da ya faru.

Ƙarfe takwas da rabi Hope ta tafi falonsa cikin farar riga, ta gyara gashi, takardunta a hannu. Ba a jima ba na ji muryarta ta canza.

"Baba, me ya faru? Jiya fa ya yi!"

Na fito. Tsohon yana danne-danne, gumi yana bin goshinsa. Shafin da ya saba gani ya ɓace, jerin sunayenmu babu, komai ya koma fari. Ya kira Ernest, waya a kashe, ashe yana cikin jirgin sama zuwa Fatakwal. Ya kira kamfanin intanet, suka ce bayanan da ke haɗa akwatin da layinsu ne suka goge, sai ma'aikacinsu ya zo ya sake sakawa, kuma sai gobe. Ya roƙe su. Ban taɓa jin Baba Jethro yana roƙon kowa ba sai ranar.

Hope ta ɗauki laftof ɗinsa ta haɗa da datar wayarta, ta hau murfin rijiya. Hoto ya fito ya daskare, ya fito ya daskare. Ƙarfe tara da minti ashirin ta ce a tafi Barnawa, akwai wani shagon intanet da ta sani. Muka fita a guje muka tari keke napep. Wata tirela ta lalace a hanya, motoci sun yi cirko-cirko. Muka sauka muka hau acaba. Shagon da muka je ba wuta, mai shi ya tafi neman fetur ɗin janareta. Na biyu muka samu. Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar ta shiga manhajar, allon ya ce an rufe taron. Ta rubuta musu saƙo uku a wurin. Amsa ɗaya suka turo bayan kwana biyu, ta layi biyu, suna yi mata fatan alheri.

Ba ta yi kuka a hanya ba. Sai da muka shigo gida ta gan shi tsaye a baranda yana jiranmu, sannan ta fashe.

"Baba, kun kashe ni! Shekara huɗu! Da kun ce mini a'a kawai tun jiya, da na san matsayina na nemi wani wuri. Kuka ce in dogara da ku, da ku da wannan banzan akwatin naku. Kullum doka, kullum doka, ranar da ake buƙatarsa ya mutu!"

Duk 'yan haya sun fito. Cyril ya leƙo ya koma ɗaki ya ja ƙofa. Baba Jethro bai kalli Hope ba, ni ya kalla. Ni kuma na sunkuya ina kwance igiyar takalmin da ba shi da igiya.

"Ki yi haƙuri, 'yata," ya ce. Abin da ya faɗa ke nan.

Washegari ma'aikacin kamfani ya zo, Ernest yana ba shi umarni ta waya, suka mai da komai yadda yake. Da rana Hope ta tafi aiki, sai ga tsohon a ƙofar ɗakina. A shekara tara bai taɓa zuwa ba. Ya ajiye fil mai jan kai a kan keken ɗinkina.

"Mai gyara ya ce da hannu aka danna," ya ce. "Na tsinci wannan a cikin keji."

Na ce tela nawa ne a Makera.

"A gidan nan ɗaya ce. Ni ba zan gaya mata ba, Maman Hope. Kada ki ɗauka don ke ne. Ta rasa aiki, ba zan sa ta rasa uwa a mako ɗaya ba. Ke za ki faɗa mata, da bakinki."

Ya juya ya tafi. Da ya tona ni a tsakar gida, da na san yadda zan yi da shi: in yi ihu, in tara mutane, in ce sharri ne, a raba mu. Sai ya bar ni da abin a hannu. Wallahi ban taɓa ƙin sa kamar ranar nan ba.

Ya sake shigar da wayar kowa cikin jerin, har da tawa. Hope ce ta ƙi kai tata. Bayan mako biyu ta tattara kayanta ta koma wurin ƙanwata a Kamazou, ta ce ba za ta iya kwana a gida ɗaya da mutumin da ya ɓata mata rayuwa ba. Yanzu wata huɗu ke nan. Tana nan a ƙaramin asibitin, tana ba da kati. Ta daina karatu.

Shi kuma yana nan a barandarsa da tabarau, ya ƙara rama, ya ƙara tsanani. Kowace safiya in na fito sai ya ce, "Ina kwana, Maman Hope," ya ci gaba da kallona har sai na wuce. Na shirya maganar a bakina ya fi sau ashirin. Na shirya ta a coci, na shirya ta a kan keken ɗinki, na shirya ta ina yanka yadi har na ɓata wa wata mata hannun riga.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sujada, Hope ta zo. Ba ta shiga gidan, a waje take tsayawa ta kira ni a waya in fito. Na fito da ɗan kwanon dambu da na yi mata. Tsohon yana zaune, ya ɗaga mata hannu. Ta kau da kai.

"Mama," ta ce, "ni fa ina mamakinki. Yaya kike iya zama da mutumin nan bayan abin da ya yi mini?"

Ƙofa a buɗe take, na san yana ji. Na gyara mata wuyan riga, na sa mata kwanon a jaka.

"To, ya zan yi," na ce. "Sai haƙuri."